Tsohon nassi da sabuwar matsala: tambayoyi da amsoshi kan yadda malaman Yahudawa ke fitar da hukunci a yau

Fiƙihun Yahudawa sunansa halaka, daga kalmar Ibrananci mai nufin tafiya. Littattafansa na tushe an rubuta su kafin a san lantarki ko banki ko injin taimaka wa numfashi, amma masu bin sa na rayuwa da waɗannan abubuwa kullum. Malamansu ba sa goge aya. Abin da suke yi shi ne ƙayyade inda ayar take aiki, su auna ta da wata ƙa'ida, ko su kafa doka ta kariya a gefenta. Amsoshin da ke ƙasa na nuna inda wannan hanya ta yi nasara da inda har yanzu take ciwo.

Attaura kaɗai ake buɗewa a ɗauko hukunci?

A'a. Attaura littattafai 5 ce, kuma bisa ƙidayar da aka gada akwai umarni 613 a cikinta: 248 na "yi", 365 na "kada ka yi". Amma ayoyin a taƙaice suke. An ce kada a yi aiki ranar Asabar, ba a jero mene ne aiki ba. Bayanin yana cikin abin da suke kira Attaura ta baki, wadda Rabbi Yahuda HaNasi ya tattara wajen shekarar 200 miladiyya a littafin Mishna, mai kashi 6. Muhawarar da malamai suka yi a kan Mishna ita ta zama Talmud. Guda biyu ne, na ƙasar Falasɗinu da na Babila, kuma na Babila aka fi dogara da shi. Masu karanta warƙa ɗaya kullum, tsarin da aka fara a 1923, sukan gama warƙoƙinsa 2,711 cikin kusan shekara 7 da rabi.

Talmud ba littafin "halal ne, haram ne" ba ne. Gardama ce mai tsawo, sau da yawa ba a rufe ta. Shi ya sa aka samu masu tacewa. Musa bin Maimun, wanda aka haifa a Kurɗuba ya rasu a Masar a 1204, ya tsara dukan hukunce-hukuncen a littattafai 14 da ya kira Mishne Tora, yawancin sauran rubuce-rubucensa kuwa da Larabci ya yi su. Daga baya Yusuf Karo ya rubuta Shulhan Aruk, aka buga shi a 1565, Moshe Isserles na Krakow ya ƙara masa al'adun Yahudawan Turai. Sama da duk wannan akwai dubban amsoshin malamai ga tambayoyin jama'a. Wanda ya san yadda fatawa ke aiki zai gane siffar abin nan take, ko da yake ƙa'idojin ba ɗaya ba ne.

Idan abu sabo ya taso, wane mataki malami ke bi?

Na farko shi ne sanin haƙiƙanin abin. Malamin da aka tambaya game da firji sai ya zauna da mai gyaran lantarki, wanda aka tambaya game da dashen ƙoda sai ya zauna da likita. Yawancin fatawoyin da suka lalace a nan suka lalace, ba a wajen nassi ba. Talmud ya halatta kashe ƙwarƙwata ranar Asabar bisa fahimtar cewa ba ta hayayyafa kamar sauran halittu. Da kimiyya ta nuna tana yin ƙwai, malamai suka rabu kan ko hukuncin ya faɗi tare da dalilinsa.

Sai neman gidan da matsalar za ta shiga a Talmud: wuta ce, gini ne, bashi ne, ajiya ce? Daga nan a bi mas'alar ta hannun masu sharhi har zuwa Shulhan Aruk da malaman baya-bayan nan. Mataki na gaba yana da nauyi ƙwarai: haramcin daga Attaura yake kai tsaye, ko malamai ne suka kafa shi? Ƙa'idar ita ce, shakka a hukuncin Attaura a tsananta, shakka a hukuncin malamai a sassauta. Bayan haka ake duba halin mai tambaya. Akwai bambanci tsakanin abin da za a ce a yi tun farko da abin da za a karɓa bayan ya riga ya faru. Babbar asarar dukiya, matsi, da mutuncin ɗan Adam duk suna iya sa a jingina da ra'ayi mai sauƙi a hukuncin malamai.

Kuskuren da ya fi yawa a zamanin wayar hannu shi ne ɗaukar amsar da aka ba mutum ɗaya cikin larura a yaɗa ta kamar hukuncin kowa. Na biyu shi ne yawo daga malami zuwa malami har a samu wanda zai ce eh, abin da al'adar ta hana: idan ka tambayi malami ya haramta, ba ka zuwa wajen wani sai ka gaya masa an riga an amsa maka.

Wa ke da magana ta ƙarshe?

Babu shugaba guda. Talmud ya kawo labarin wata gardama kan tsarkin wani tanderu, inda Rabbi Eliyezar ya tsaya shi kaɗai, har murya ta zo daga sama tana goyon bayansa. Rabbi Yoshuwa ya miƙe ya karanto ayar Maimaitawar Shari'a (littafi na 5 na Attaura) 30:12 cewa ba a sama take ba, ma'ana an riga an ba mutane Attaura, hukunci kuma na masu rinjaye ne. Duk da haka ana rubuta ra'ayin da aka kayar, kuma Mishna ta faɗi dalili: wata kotu ta gaba tana iya buƙatarsa.

Tun ƙarni na 19 Yahudawa sun rabu kan iyakar canji. Masu riƙon gargajiya, wato Otodoks, na ganin halaka wajibi ce kuma sai ta hanyoyinta take motsi. A gefensu mai tsanani ake jin maganar Moshe Sofer na Pressburg, wanda ya rasu a 1839, cewa sabon abu haramun ne. Masu ra'ayin gyara, wato Rifom, sun bayyana a taron Pittsburgh na 1885 cewa dokokin ɗabi'a ne ke ɗaure su, dokokin abinci da na tufafi ba su da wannan matsayi. Tsakaninsu akwai Kwanzabatib, masu cewa halaka wajibi ce amma tana da tarihi kuma tana ci gaba da sauyawa. Rifom na Amurka sun naɗa mace malama, Sally Priesand, a 1972, Kwanzabatib suka naɗa Amy Eilberg a 1985, yawancin Otodoks kuwa ba su yarda da hakan ba. Don haka duk wanda ya ce maka "addinin Yahudu ya ce", tambaye shi wane ɓangare.

Ba Attaura ce ta ce ido a bakin ido ba?

Ta ce, amma Talmud ya karanta shi a matsayin diyya. Ɗaya daga hujjojin: idan makaho ya tsiyaye idon mai gani, yaya za a rama, alhali an ce shari'a ɗaya ce ga kowa? Wanda ya ji wa wani rauni yana biyan abu 5: raguwar ƙimar jikin, zafin ciwo, kuɗin magani, kwanakin da bai yi aiki ba, da kunyar da aka ja masa. Kuma ko ya biya, ba a yafe masa sai ya roƙi wanda ya cutar.

Hukuncin kisa ma yana nan a rubuce, amma an kewaye shi da sharuɗɗa: alƙalai 23, shaidu 2 da suka gani da ido, gargaɗi ga mai laifin nan take tare da amsawarsa, kuma ba a karɓar iƙirarin mutum a kan kansa. Mishna ta ce kotun da ta kashe mutum ɗaya cikin shekara 7 mai ɓarna ce, wani malami ya ce ko cikin shekara 70. Game da ɗa mai taurin kai da aya ta ce a jefe, akwai ra'ayi a Talmud cewa ba a taɓa yi ba kuma ba za a taɓa yi ba.

Me ya sa masu kiyaye Asabar ba sa taɓa makunnin lantarki?

Mishna ta jero ayyuka 39 da aka hana, daga shuka da girbi zuwa saƙa, rubutu, gini da hura wuta. Ma'aunin ba gajiya ba ne, ƙirƙira ne: ɗaukar kujera mai nauyi cikin ɗaki ya halatta, ƙyasta ashana bai halatta ba. Asabar na shiga da faɗuwar rana ran Juma'a, ana kunna kyandir minti 18 kafin nan a yawancin wurare, tana fita da bayyanar taurari 3 bayan faɗuwar rana ran Asabar.

Tsohon ƙwan lantarki mai zaren ƙarfe bai ba da wahala ba, domin zaren na yin ja da zafi, kusan kowa ya ce wuta ce. Matsalar tana kan na'urar da ba ta da zafi, kamar fanka. Malamin da ake kira Hazon Ish, wanda ya rasu a 1953, ya ce haɗa zagayen lantarki gini ne. Shlomo Zalman Auerbach, da ya rasu a 1995, ya bi hujjojin ɗaya bayan ɗaya ya ga ba su kama ba, amma ya ce a bar haramcin saboda al'ada ta kafu kuma mutane ba za su bambance na'ura da na'ura ba. Wannan saɓani ba na makaranta kaɗai ba ne. Idan haramcin na malamai ne, akwai ƙofar sassauci ga na'urar ƙara ji da keken guragu mai batir, kuma cibiyar Zomet a Isra'ila na ƙera irin waɗannan kayan ta yadda danna maɓalli ba ya kunna komai kai tsaye, sai dai ya cire abin da ke hana na'urar aiki.

A gida kuwa shiri ake yi tun Juma'a. Agogon lantarki na kunna fitilu ya kashe su da kansa, bisa ƙa'idar cewa aikin da aka fara kafin Asabar yana iya ci gaba shi kaɗai. Ana cire ƙwan cikin firji ko a manne maɓallinsa, in ba haka ba buɗe ƙofa kunna fitila ne. Ana barin abinci dafaffe a kan faranti mai ɗumi. A dogayen benaye akwai lif mai tsayawa a kowane hawa da kansa, ko da yake wasu malamai sun ƙi shi don nauyin mai shiga na shafar aikin injin. Abin da ke ba da wuya yanzu shi ne ƙofar otal mai kati da fitilun da ke kamawa da motsin mutum.

A 1950 malaman Kwanzabatib na Amurka sun halatta tuƙa mota zuwa majami'a ranar Asabar, don jama'arsu sun koma unguwannin bayan gari. Niyyar kyakkyawa ce, amma daga baya wasu manyansu sun kira shi kuskure: da aka daina tafiya a ƙafa, sai aka daina zama kusa da juna, unguwar da ke riƙe Asabar ɗin ta watse.

To idan rai na cikin haɗari fa?

A nan babu jinkiri. Ayar Littafin Firistoci 18:5 ta ce mutum ya rayu ta dokokin, malamai suka ce ya rayu, ba ya mutu ba. Ceton rai, da suke kira pikuwa nefesh, yana ture kowace doka ban da 3: bautar gumaka, kisan kai, da haramtacciyar saduwa. Ko shakkar haɗari ta isa. Talmud na Falasɗinu ya ce wanda ya tsaya tambayar malami a irin wannan hali mai zubar da jini ne, malamin da aka tambaya kuma abin zargi ne don bai koyar tun farko ba. An kuma ce manya masu ilmi su yi aikin da hannunsu, kada a tura yaro, don kada jama'a su ɗauka abin kunya ne.

Mai naƙuda ana kai ta asibiti a mota, kuma kwana 3 na farko bayan haihuwa ana ɗaukarta a matsayin mai haɗari ko ta ce lafiya lau take. A azumin Yom Kippur, mai kusan awa 25 ba ci ba sha, idan maras lafiya ya ce yana buƙatar abinci likitoci suka ce a'a, shi ake saurara. Wanda zai iya jurewa da kaɗan-kaɗan ana ba shi abincin da bai kai girman babban dabino ba da ruwan da bai cika kunci ɗaya ba, a bar kusan minti 9 tsakani. In hakan bai wadatar ba ya ci yadda ya saba.

Akwai wurin da ya kamata a faɗa a fili. Tsofaffin nassoshi sun taƙaita keta Asabar ga ceton Bayahude. Malaman zamani sun hukunta cewa likita ya ceci kowa, wasu da hujjar guje wa ƙiyayya, wasu da hujjar cewa kowane mutum halittar Allah ne mai daraja. A aikace sakamakon ɗaya ne, amma hujja ta biyu ita ta dace da maganar Mishna cewa wanda ya ceci rai ɗaya kamar ya ceci duniya ne, ma'anar da Alƙur'ani ya ambata a Suratul Ma'ida aya ta 32 a matsayin abin da aka wajabta wa Bani Isra'ila.

Yaushe mutum ya mutu, kuma ana ba da gaɓoɓi?

Talmud ya yi maganar wanda gini ya rufta wa ranar Asabar: a tona har a kai hancinsa, in babu numfashi ya mutu. Injin numfashi ya raba abin da a dā yake tare, domin zuciya na iya bugawa bayan tushen ƙwaƙwalwa ya mutu. Masu karɓar mutuwar ƙwaƙwalwa sun kafa hujja da numfashi, da kuma Mishna da ta ce motsin dabbar da aka sare wa kai ba rai ba ne. Majalisar manyan malaman Isra'ila ta amince da wannan a 1986 don dashen zuciya, bisa sharuɗɗa. Wasu manyan malamai, ciki har da Yosef Shalom Elyashiv, sun ƙi: muddin zuciya na bugawa mutum na da rai, cire ta kisa ne. Dokar Isra'ila ta 2008 ta nemi likitoci 2 da ba su da hannu a dashen, da gwajin na'ura, ta kuma bar wa iyali damar ƙin a cire injin.

Saɓanin ya haifar da tambaya mai ɗaci: wanda ba ya yarda a ɗauki zuciyarsa, ya halatta ya karɓi ta wani? Da yawa sun ce ya halatta tunda an riga an cire ta. Hujjar na tsayawa a takarda, amma da wuya ta gamsar da iyalin da suka bayar. Kyautar ƙoda daga mai rai kuwa ba ta da wannan matsala, kuma ƙungiyar Matnat Chaim da aka kafa a 2009 ta sa masu addini da yawa sun ba baƙin da ba su taɓa gani ba.

Game da mai gargara, Isserles ya rubuta cewa haramun ne a gaggauta mutuwarsa, amma idan ƙarar mai faskare a kusa ce ke riƙe ransa, a iya tsayar da faskaren. Daga nan aka fitar da bambanci tsakanin kashewa da cire abin da ke tsare mutuwa. Dokar Isra'ila ta 2005 ta bi wannan layi: magani mai zagayowa, kamar wankin ƙoda, ana iya ƙin sabunta shi, amma wanda ke gudana ba yankewa, kamar injin numfashi, ba a kashe shi da hannu.

Attaura ta hana kuɗin ruwa. Yaya suke da bankuna?

Haramcin ya hau kan mai bayarwa da mai karɓa da shaidu da marubuci, kuma malamai sun faɗaɗa shi har zuwa kyauta ko gaisuwar da ba a saba yi ba saboda bashi. Sai dai Maimaitawar Shari'a 23 ta taƙaita shi tsakanin Bayahude da Bayahude. Wannan, haɗe da hana su mallakar gona da shiga ƙungiyoyin sana'a a yawancin Turai, shi ya tura wasunsu sana'ar ba da rance a tsakiyar zamani, da duk ƙiyayyar da ta biyo baya.

Tsakaninsu kuwa, malaman Folan sun tsara wata takarda wajen ƙarshen ƙarni na 16 mai suna heter iska. Iska a nan kalmar Aramiyanci ce mai nufin harkar kasuwanci. Ana mai da rancen jari, kusa da abin da masu fiƙihu ke kira ƙiradi. A siffar da aka fi sani, rabin kuɗin bashi ne a wuyan mai karɓa, rabi ajiya ce da yake juyawa a madadin mai kuɗin, ana kuma ba shi ɗan lada ko da kaɗan ne don kada wahalarsa ta zama kuɗin ruwa. Idan ya ce uwar kuɗi ta salwanta sai ya kawo amintattun shaidu 2; idan ya ce babu riba sai ya yi rantsuwa mai nauyi. In ba ya son ko ɗaya, ya biya adadin da aka yi yarjejeniya. Misali, wanda ya karɓi shekel (kuɗin Isra'ila) 100,000 aka daidaita a kan 6,000 a shekara, biyan wannan ya sauke masa shaidu da rantsuwa. Bankunan Isra'ila na da irin wannan takarda ta gama-gari.

Inda take rauni shi ne bashin biki ko na cefane, wanda babu kasuwanci a cikinsa balle riba, da kuma inda masu sa hannu ba su ma san abin da ke ciki ba. Ainihin manufar ayar ta fi rayuwa a asusun rance ba ruwa da ake kira gemah, wanda kusan kowace unguwar masu addini ke da shi.

Wannan ba wayo ake yi wa doka ba?

Tambaya ce mai kyau, kuma su ma suna yi wa kansu. Misali mafi tsufa na Hillel ne, malamin da ya rayu wajen farkon miladiyya. Attaura ta ce a yafe basussuka duk shekara ta 7, don a taimaki talaka. Hillel ya ga masu kuɗi sun daina ba da rance idan shekarar ta matso, wato dokar ta koma cutar wanda aka yi ta dominsa. Sai ya kafa prozbul: mai bin bashi ya miƙa bashinsa ga kotu a rubuce, domin yafewar ta shafi bashin mutum ne, ba wanda ke hannun kotu ba. Har yau ana sa hannu a kai gaban mutum 3 kafin shekarar ta ƙare.

Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne a tambaya wa dabarar ta yi wa aiki. Ta Hillel ta buɗe wa talaka ƙofar rance. Akwai kuma wadda ake ta faɗa a kanta: a shekara ta 7 ba a noma ƙasar, sai tun 1888 wasu malamai suka halatta sayar da gonakin na ɗan lokaci ga wanda ba Bayahude ba don manoma kada su karye. Abraham Isaac Kook ya kare wannan a matsayin larura, Hazon Ish ya ƙi. Shekarar hutun da ta wuce ita ce 2021 zuwa 2022, mai zuwa 2028 zuwa 2029, kuma gardamar za ta dawo da ita.

Me halaka ta ce game da ciniki, ma'aikaci da sadaka?

Ƙima tana da iyaka: idan farashi ya kauce wa na kasuwa da kashi 1 cikin 6, a mayar da bambancin; in ya wuce haka wanda aka cuta na iya warware cinikin. Kayan 600 da aka sayar 700, a mayar da 100. An hana shafa wa tsohon kaya fenti ya zama kamar sabo, an hana yaudarar kowa, Bayahude ko waninsa, har an hana taya kaya alhali ba ka da niyyar saya, don kana ɗaga ran mai shi a banza. Ɗan ƙodago a biya shi a ranar, kuma yana da ikon ajiye aiki ko da tsakar rana.

Talmud ya kawo 'yan dako da suka fasa wa wani malami tulun giya, ya ƙwace rigunansu. Alƙali Rab ya ce ya mayar, ya kuma biya su ladan yini don matalauta ne kuma sun wuni suna aiki. Da ya tambaya ko haka doka take, aka ce masa eh, aka karanto masa ayar Karin Magana kan bin hanyar mutanen kirki. Nahmanides, malamin ƙarni na 13, ya yi gargaɗi cewa mutum na iya zama ɗan iska da izinin Attaura, yana kiyaye kowane harafi yana ɓata manufa. An ga haka a 2008, lokacin da jami'an Amurka suka kai samame wata babbar mayankar nama mai shaidar kosha, wato halal a dokar Yahudawa, a Postville ta jihar Iowa, aka tarar da zarge-zargen cin zalin ma'aikata da sa yara aiki. Wuƙar ba ta da giɓi, yankan daidai, amma Yahudawa da yawa suka tambaya ko wannan kaɗai ya isa.

Sadaka sunanta tsedaka, daga tushen adalci. Abin da aka saba shi ne kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ya samu, kuma an hana wuce kashi 20 don kada mai bayarwa ya koma mai roƙo. Dangi ne farko, sai matalautan garinka, kuma Talmud ya ce a ciyar da matalautan da ba Yahudawa ba tare da na Yahudawa. Musa bin Maimun ya jera matakai 8, mafi girma shi ne ba mutum rance ko jari ko aiki har ya tsaya da ƙafarsa.

Dokar gulma ta shafi abin da ake rubutawa a intanet?

Ta shafa. Lashon hara magana ce ta gaskiya mai ɓata mutum, kamar giba. Ƙarya kuwa laifi ne daban mafi muni. Israel Meir Kagan ya tsara dokokinta a littafinsa na 1873, ya kuma kawo sharuɗɗa 7 na lokacin da faɗa ya halatta: ka tabbatar da kanka, ka tabbatar laifi ne, ka fara yi wa mai shi magana, kada ka ƙara gishiri, niyyarka amfani ce, babu wata hanya, kuma cutar da za ta same shi kada ta wuce abin da ya cancanta. Tura saƙon da ba ka bincika ba ya faɗi tun a sharaɗi na farko. Tsohuwar dokar da ake jingina wa Rabbenu Gershom, wani tsohon malamin Jamus, ta hana karanta wasiƙar wani, yanzu ana ɗora ta kan saƙon waya.

An kuma yi amfani da wannan doka ta mummunar hanya. A wasu al'ummomi an rufe bakin waɗanda aka ci zarafinsu da sunan hana gulma da hana kai ƙarar Bayahude ga hukuma, dokar da ta samo asali a zamanin sarakuna azzalumai. Malamai da yawa yanzu sun hukunta cewa mai cin zarafin yara mai farautar rai ne, kai shi ga 'yan sanda wajibi ne, suna kuma jingina da ƙa'idar malamin Talmud Shmuel ta ƙarni na 3 cewa dokar ƙasa doka ce. Wasu har yanzu na cewa a fara tuntuɓar malami, jinkirin da ya sha ba masu laifi dama.

Wace matsala ce har yanzu ta gagara?

Ta matar da aka ɗaure, aguna. Aure ba ya mutuwa sai da mutuwa ko takardar saki da ake kira get, mai layi 12, wadda marubuci ke rubutawa da sunan wannan miji da wannan mata, shaidu 2 su sa hannu, mijin ya miƙa da yardarsa. Sakin kotun gwamnati ba ya maye gurbinta. Idan matar ta haihu da wani ba tare da ita ba, ɗan na ɗaukar matsayin mamzer, wanda ke taƙaita wanda zai iya aura, kuma abin na bin zuriyarsa.

Inda miji ya ɓace, malamai sun sassauta iyakar iyawa: ana karɓar shaida ɗaya, ko ta mace, ko ta wanda ya ji daga wani. Bayan yaƙin 1973 babban malami Ovadia Yosef ya jagoranci kotun da ta ba ɗaruruwan matan sojojin da suka mutu izinin sake aure, bayan harin 11 ga Satumba 2001 kuma kotun malamai a New York ta yi aiki da gwajin ƙwayar halitta da bayanan kiran waya.

Inda miji na raye yana ƙin bayarwa, sau da yawa don ya tatsi kuɗi ko ya karɓe 'ya'ya, a nan aka maƙale. Takardar da aka tilasta ba bisa ƙa'ida ba ɓatacciya ce, don haka alƙalai na tsoron matsawa. Kuma ma'aunin bai daidaita ba: tun dokar Rabbenu Gershom ta wajen shekarar 1000, wadda ta fara aiki tsakanin Yahudawan Turai, ba a sakin mace sai da yardarta kuma ba a ƙara aure, amma mijin da matarsa ta ƙi karɓa yana iya samun izinin malamai 100 ya sake aure, ita kuwa ba ta da makamancin haka. A Isra'ila dokar 1995 ta ba kotunan malamai ikon ƙwace lasisin tuƙi, hana fita ƙasa, taƙaita asusun banki, har da ɗauri, kuma akwai mazan da suka zaɓi shekaru a kurkuku. A Amurka, inda kotun malamai ba ta da 'yan sanda, maganin da ya fi aiki shi ne yarjejeniyar kafin aure da aka fara a shekarun 1990: ango na sa hannu cewa daga ranar da suka rabu zai riƙa biyan dala 150 kullum na ciyarwa har sai an yi sakin addini, kuma kotun gwamnati na iya tilasta biyan. Tunda ciyarwa ce da ya ɗauka wa kansa, ba tara ba, takardar sakin ba ta ɓaci. Malaman Otodoks da yawa yanzu ba sa ɗaura aure sai an sa hannu a kanta, amma wasu ɓangarori ba su karɓe ta ba, kuma ba ta da amfani ga matar da aka aura kafin a san da ita sai in mijin ya yarda ya sa hannu daga baya.